Shin Ko Kun San? Apple Sa'ar Jihar Sakkwato Ce, Kuma Raɗe-raɗin Kayan Biki Ba Yau Aka Fara Ba

Shin ko kun san cewa jihar Sakkwato da kamfanin Apple, mai ƙera kwamfutar Mac da wayar iPhone, sa'annin juna ne? Janar Murtala Muhammed ya ƙirƙiro jihar ranar 3 ga Fabrairu, 1976, lokacin da aka raba tsohuwar Jihar Arewa maso Yamma gida biyu. Ba a yi wata biyu ba, ranar 1 ga Afrilu, mutum uku a Kalifoniya ta Amurka, Steve Jobs da Steve Wozniak da Ronald Wayne, suka sa hannu a takardar kafa Apple. Ke nan 2026 ce shekarar cikar hamsin ga su biyun, ita kuma iPhone sai a 2027 take cika ashirin. Waɗannan shekaru biyu su suka hana masoya kayan kamfanin sakat. Kowa na hasashen abin da za a fitar don biki, kuma hasashen yana isowa har rumfunan cajin waya na Goronyo da Wurno da Raba, inda matasa ke nuna wa juna hoton wayar da ko ƙera ta ba a yi ba.

Shin ko kun san cewa cikon na ukunsu, Ronald Wayne, bai yi sati biyu a kamfanin ba? Kashi 10 cikin ɗari ne rabonsa, ya sayar da shi a kan dala 800 saboda tsoron kada bashi ya hau kansa. A Agustan 2018 darajar kamfanin ta kai dala tiriliyan 1.

Kwamfutarsu ta farko, Apple I, dala 666.66 aka sa mata, kuma guda 200 ko kusa da haka aka yi. Ba ta da akwati, ba ta da allon kallo, ba ta da maɓallan rubutu. Mai saye shi zai nemo sauran ya haɗa. A lokacin naira ta fi dala daraja, don haka kuɗinta bai kai naira 500 ba.

Shin ko kun san cewa shekarar da aka kammala ginin madatsar ruwa ta Goronyo a kan gulbin Rima, wato 1984, ita ce shekarar da aka fito da Macintosh ta farko? Ranar 24 ga Janairu aka fara sayar da ita, a kan dala 2,495. Ƙwaƙwalwarta kilobait 128 ce kacal. Hoto guda da wayar hannunku ke ɗauka yau ya ninka wannan sau da yawa. A wannan shekarar dai wani ɗalibin jami'a a Texas mai suna Michael Dell ya fara haɗa kwamfutoci a ɗakin kwanansa da jarin dala 1,000, wanda shi ne tushen Dell ɗin da ake gani a ofisoshinmu.

To ga wadda ta fi dacewa masu hasashe su riƙe. Shin ko kun san cewa sau ɗaya tak Apple ya taɓa fitar da kwamfutar da ya raɗa wa sunan biki, kuma ta yi kwantai? Sunanta Twentieth Anniversary Macintosh. Cikar shekara ashirin ɗin a Afrilun 1996 ta faɗo, amma ba a nuna kwamfutar ba sai Janairun 1997, aka fara sayarwa a Maris, kusan shekara guda a makare. Kyau kam ba a magana. Siririya ce a zamanin da kwamfutoci ke da ƙeya kamar tsohuwar talabijin, tana da shafaffen allo, da lasifikokin kamfanin Bose, tana kama tashar talabijin da rediyon FM, har fata aka shimfiɗa a inda mai rubutu ke ɗora hannu. Guda 12,000 aka ƙera, kowacce dala 7,499. Sai dai abin da ke cikinta bai fi na wata Mac ɗin da ake sayarwa ƙasa da rabin wannan kuɗi ba, masu saye kuwa suka gane. Aka karya farashi zuwa dala 3,500, daga ƙarshe a Maris na 1998 aka zubar da ragowar a kan dala 1,995. Wanda ya yi ɗokin saye a ranar farko ya ga abin da ya biya ya zube da kusan kashi uku cikin huɗu a shekara guda.

A waccan shekarar ta 1997 kamfanin yana gargarar durƙushewa, asararsa ta haura dala biliyan 1. Abokin hamayyarsa Microsoft ne ya zuba masa dala miliyan 150 a watan Agusta. Kwamfutar da ta farfaɗo da shi kuwa ba ta biki ba ce: iMac ce mai launin shuɗi, wadda ta fito a Agustan 1998 a kan dala 1,299.

Shin ko kun san cewa da Steve Jobs ya dawo kan ragamar kamfanin a 1997, ya sa an kwashe tsofaffin injuna da takardun tarihin Apple an miƙa wa Jami'ar Stanford? Mutum ne da ba ya son waiwaye, kuma ɗabi'ar ta bi kamfanin. Mac ta cika 25 a 2009, ba a fitar da wata ta musamman ba. Ta cika 30 a 2014, aka yi ɗan fim na tunawa da aka ɗauka da wayoyin iPhone, amma ba a fitar da Mac ta musamman ba. Ta cika 40 a 2024, nan ma babu Mac ɗin biki. A kowanne karo sai da masoya suka zana wadda suke fata, suka yaɗa.

Inda hasashe ya ci rabinsa shi ne 2017, cikar iPhone shekara goma. Tun farkon shekarar ake cewa za a cire maɓallin da ke ƙasan waya, allo ya mamaye fuskarta, farashi ya doshi dala dubu. Duk haka aka yi: ranar 12 ga Satumba aka nuna iPhone X, dala 999. Amma an kuma daɗe ana cewa za a ɓoye na'urar karanta zanen yatsa a ƙarƙashin allo, wannan bai yiwu ba, sai buɗewa da fuska aka kawo. Sunan ma yawancin masu hasashe iPhone 8 suke kiranta, ashe 8 ɗin wata waya ce daban da aka fitar rana ɗaya da ita. Tun daga nan aka tsallake lamba 9, har yau babu iPhone 9. Duk wanda ya miƙo muku ita a kasuwa, jabu ce.

Kuma ko kun san cewa wannan waya ta bikin shekara goma ko shekara guda ba ta cika ba a shagunan kamfanin? A Satumban 2018 aka janye ta.

A kan dandalin da aka nuna iPhone X ne kamfanin da bakinsa ya yi alkawarin wani faifan caji mai suna AirPower, wanda za a ɗora waya da agogo da abin sauraro a kai lokaci guda. Aka jira shekara ɗaya da rabi. A Maris na 2019 ya fito ya ce aikin ya gagara. Idan abin da mai kaya ya nuna da hannunsa zai iya shiririncewa, ina ga abin da aka ji a bakin wani? Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Motar Apple ma haka. An fara aikinta a asirce wajen 2014, aka shekara goma ana zana ta a hotuna, a Fabrairun 2024 aka rufe aikin ba tare da an ga ko tayarta ba. Akwai kuma wani masanin kasuwar hannun jari, Gene Munster, da ya yi shekaru yana cewa akwatin talabijin na Apple na nan tafe, sai a 2015 ya amsa cewa hasashensa bai yi daidai ba. Agogon kamfanin da zai cika goma, an ce za a sake masa fasali gaba ɗaya har da maɗauri mai maganaɗisu. Da ya fito a Satumban 2024, sirancewa ya yi, allonsa ya ƙara faɗi, maɗaurin kuwa irin na da ne.

Shin ko kun san daga ina waɗannan labarai ke ɓullowa? Kaɗan ne ke fitowa daga hedikwatar kamfanin da ke Cupertino. Mafi yawa daga masana'antun Asiya suke. Apple ba ya ƙera wayarsa da hannunsa: ƙwaƙwalwarta kamfanin TSMC na Taiwan ke yi, allon iPhone X Samsung na Koriya ta Kudu ne ya yi shi, haɗawa kuma Foxconn ke yin kaso mafi tsoka, a wata makekiyar masana'anta da ke birnin Zhengzhou na ƙasar Sin, inda ma'aikata kan haura dubu ɗari biyu idan aiki ya kankama. Sirrin da ya ratsa hannu masu yawa haka ba ya ɓoyuwa. Shi ya sa mutum biyu suka yi suna a wannan fage: Ming-Chi Kuo, ɗan Taiwan mai bin diddigin odar da ake ba masana'antu, da Mark Gurman na kamfanin labarai na Bloomberg, mai majiyoyi a cikin gida. Ni dai abin da na lura shi ne, labarin da ya shafi ƙarfe da gilashi da girman waya yakan tabbata idan ya rage 'yan watanni, domin a lokacin an riga an ba da oda. Labarin suna da farashi da abin da za a yi nan da shekara biyu kuwa, mafi yawansa shaci-faɗi ne.

Wani lokacin kuma sakaci ne tsagwaronsa. A 2010 wani injiniyan Apple ya manta samfurin iPhone 4 a wata mashaya a garin Redwood City, wanda ya tsinta ya sayar wa 'yan jaridar Gizmodo a kan dala 5,000, suka kwance ta suka nuna wa duniya tun saura kusan wata biyu a ƙaddamar da ita. Kamfanin ba ya ɗaukar irin wannan da wasa. A 2005 ya maka wani ɗalibin Jami'ar Harvard a kotu saboda ya riga shi ba da labarin ƙaramar kwamfutar Mac mini, a Yulin 2025 kuma ya kai Jon Prosser, wani mai bidiyo a YouTube, kan zargin kwarmata fasalin sabuwar manhajar iPhone.

Shin ko kun san cewa jita-jita ta taɓa sa an ƙera rigar wayar da ba ta zo ba? A 2011 kowa ya sakankance iPhone 5 ce tafe da sabon fasali, masu yin rigunan waya a Sin suka buga su jibgi. Ranar 4 ga Oktoba sai ga iPhone 4S, kamanninta ɗaya da ta bara. Washegari Steve Jobs ya rasu. Duk da ƙorafin da aka yi, an sayar da miliyan 4 a kwana ukun farko. Shekarar da ta biyo baya kuma jabu ce ta riga ta gaske fitowa: wata waya mai suna Goophone i5, da aka kwaikwaya daga hotunan da suka fita, ta bayyana kafin Apple ya nuna iPhone 5 ɗinsa.

Ba Apple kaɗai ke da masoya masu jiran kayan biki ba. ThinkPad, baƙar laftof ɗin nan mai jan ɗigo a tsakiyar maɓallai da ake yawan samu a cikin kayan tokumbo, IBM ne ya fara yin ta a 1992, kafin Lenovo na Sin ya saye sashen a 2005. A 2015 shugaban masu zane na Lenovo, David Hill, ya tambayi masoya irin wadda suke so a dawo musu da ita, dubbai suka amsa. Aka shekara biyu ana mafarki. Da ta fito a Oktoban 2017 da sunan ThinkPad 25, a kan dala 1,899, sai aka ga gangar jikin T470 ce da ake sayarwa a kasuwa, aka mayar mata da tsohon tsarin maɓallai mai layi bakwai da tambari mai launi uku. Dogon allon da suka fi roƙo bai samu ba. Nokia 3310, wadda aka sayar da miliyan 126 bayan fitowarta a 2000, ita ma an dawo da ita a 2017, masu kewar ta suka saya, amma ba ta maimaita tarihi ba.

Shin ko kun san cewa labarin sabon kaya yana iya kashe kasuwar wanda ke hannu? Manomin albasa a fadamar Wurno ya san wannan sarai: da an ji sabuwa ta kusa shigowa, wadda ke ajiye a rumbu sai farashinta ya fara sauka tun ba a ga buhu ko ɗaya ba. A 1983 Adam Osborne, mai kamfanin da ya yi fice da kwamfutar ɗauka-ka-tafi, ya yi saurin ba da labarin wadda za ta gaji tasa. Dillalai suka dakatar da oda, a watan Satumba kamfanin ya karye. Akwai wasu dalilan, irin su gasa da matsalar kuɗi, amma har yau da sunansa ake kiran wannan kuskure a makarantun kasuwanci. Shugaban Apple Tim Cook ma a Mayun 2017 ya ce cinikin iPhone ya ɗan tsaya saboda labaran waya mai zuwa sun yi yawa kuma sun fito da wuri.

Ta nan ne maganar ta shafe mu. Apple ba shi da shago nasa na kansa ko ɗaya a duk Afirka, sai wakilai. Mafi yawan iPhone da Mac da ke hannun mutanenmu na hannu ne, sun biyo ta Computer Village a Ikeja, ko Farm Centre da titin Beirut a Kano, kafin su iso Sakkwato, daga nan wani ya kawo su Achida ko Boyekai a aljihu. Tun 2012 a watan Satumba ake nuna manyan sababbin iPhone, ban da 2020 da annobar korona ta tura abin zuwa Oktoba. Bayan kowace fitowa masu canja waya a Turai da Amurka sukan saki tsofaffinsu, su ne ke gangarowa wajenmu. Mai haƙurin jira zuwa bayan wannan lokaci yakan fi samun zaɓi, idan canjin dala bai cinye sauƙin ba.

Sai a kula da wannan sosai. Shin ko kun san ana ɗaukar tsohuwar iPhone XR ta 2018 a sauya mata gangar jiki ta koma kamar sabuwar da ake yayi? Daga baya za ku ga idon kyamara uku, alhali ɗaya ne ke aiki, biyun ado ne. Ku buɗe kyamara, ku riƙa toshe idanun da yatsa ɗaya bayan ɗaya: idan ɗaya ne kawai ke duhunta hoto komai kuka juya, kun gane. Ku shiga saitin waya inda aka rubuta sunan samfurinta, can ba kasafai yake ƙarya ba duk kyan rigar. Ku danna *#06# ku gwada lambar da ta fito da wadda ke jikin kwali. Ku duba lafiyar batir. Kada ku biya sai mai ita ya cire asusunsa na iCloud a gabanku, in ba haka ba ranar da ta kulle ko mai gyara ba shi da yadda zai yi. Duk shekarar da ake zuzuta wayar biki, irin waɗannan ne ke fara cika kasuwa.

Ko kun san cewa tun 2023 iPhone X ta daina karɓar sabuwar babbar manhaja, XR da XS kuma aka bar su a baya a 2025? Haka kuma iPhone 14 zuwa sama da aka yi don kasuwar Amurka ba su da ramin sa layi, sai layin da ake ɗorawa ta manhaja, wanda ba kowane mai sayar da layi a ƙauye ke iya yi muku ba.

Ɗalibai masu neman laftof don koyon jarrabawar JAMB, wadda ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, ga taku. Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida tana son ƙwaƙwalwar Intel zubi na takwas zuwa sama. Ita kanta ThinkPad 25 ta biki zubi na bakwai ce, ba ta cikin jerin. Mac masu ƙwaƙwalwar Intel su ma kamfanin ya sanar a Yunin 2025 cewa manhajar Tahoe ce ta ƙarshe da za su samu.

Akwai bukukuwan da suka fi kusa da mu, ba a cika zancensu ba. A Agustan 2001 Econet da MTN suka fara aikin wayar salula a Nijeriya, a shekarar ce kuma Leo Stan Ekeh ya fito da kwamfutar Zinox ta gida. 2026 ce cikarsu 25. Transsion, uwar Tecno da Itel da Infinix, a 2006 aka kafa ta, ta kuma ci kasuwar Afirka ne da abubuwan da muke bukata da gaske: layi biyu, batir mai daɗewa, kyamarar da ke fitar da baƙar fata da kyau, da harsunanmu a cikin waya, har da Hausa. Duk wanda ya ga Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, ciki har da Raba da Goronyo, ya san mai tsada da mai araha duk shiru suka yi rana ɗaya. A ganina wayar da ta dace da gabashin Sakkwato ita ce wadda ke kama layi mai rauni, ta kuma wuni biyu ba ta je wurin mai caji ba.

Me ake cewa game da 2027? Masu hasashe sun ce iPhone ta cikar ashirin za ta zama gilashi zalla mai lanƙwasassun gefuna, ba huda ko ɗaya a allonta, wasu ma sun ce za a tsallake lamba 19 kamar yadda aka tsallake 9. Ɗabi'ar kamfanin ita ce ba ya tanka irin wannan magana sai ranar da ya hau dandali. Don haka jama'a, kada wanda ya karyar da lafiyayyar wayarsa ko ya taɓa kuɗin takin noman rani saboda hoton da aka turo masa, kada kuma ya ba wani kafin alƙalami a kan wayar da ba a ƙaddamar ba. A jira watan Satumban 2027 a gani da ido.